Sawun kabon: an bar jaki ana dukan taiki

Jama'a, yawancin shawarwarin da ake yaɗawa kan ɗumamar yanayi sun bar jaki suna dukan taiki. Ana ta cewa a cire caja daga soket, alhali cajar da ba a jona mata waya ba ko rabin wat ba ta ja. A shekara guda hayaƙin da take jawowa bai kai na litar fetur biyu ba.

Sawun kabon shi ne jimillar iskar da ke ɗumama duniya wadda rayuwar mutum ke fitarwa a shekara, ana auna ta da kilo ko tan. Kafin ka rage komai, ɗauki biro ka yi lissafi. Litar fetur ɗaya tana fitar da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kusan 2.7, kilo ɗaya na gas ɗin girki kuma kusan 3. Za ka ce ta yaya litar da ba ta kai kilo ba a sikeli za ta haifi kilo biyu da ɗoriya? Ai lokacin ƙonewa kabon ɗin da ke cikin man yana haɗuwa da iskar oksijin, nauyinsa ya ninku fiye da sau uku da rabi.

To, motar da ke shan lita 8 a kilomita 100, in ta yi kilomita 12,000 a shekara, ta ƙone lita 960 ke nan, wato tan 2.2. Matsakaicin rabon kowane ɗan Adam daga ƙona mai da gawayin ƙasa (kwal) bai kai tan 5 a shekara ba, ka ga mota ɗaya ta cinye kusan rabi. Mutum huɗu su shiga mota ɗaya, rabon kowa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A duba iskar taya, a haɗa saƙonni a fita sau ɗaya, a daina barin inji yana aiki ana hira. Jirgin sama kuwa, zuwa da dawowa tsakanin Landan da New York kusan tan guda ne a kan fasinja ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne na'urar sanyaya ɗaki. Wutar da take sha daban: mai jan kilowat 1, awa 8 kullum, ta sha yunit 240 a wata, in da gawayin ƙasa ake samar da wutar, hayaƙin ya haura kilo 200. Amma ɓarnar da ba a gani tana cikin bututu. Gas ɗin sanyayawa da ake ɗura wa na'urar, irin R-410A, kilo ɗaya in ya tsere daidai yake da kusan tan 2 na kabon. Mai gyara ya kwance noti, ka ji "fuuu" na 'yan daƙiƙu, hayaƙin mota na wata da watanni ya tafi sama. In sanyi ya ragu, kada a tsaya ga ƙara gas kawai. A shafa kumfar sabulu a mahaɗar bututu a gano inda yake yoyo, a toshe. In za a cire na'urar, a fara mayar da gas ɗin cikin injin waje a kulle. A riƙa wanke matatar iska, domin ƙura tana sa injin ya daɗe yana aiki.

A fannin abinci, nisan da kaya suka yi ba shi ne babban abu ba, irin abincin ne. Saniya tana gyatsar iskar mitan, wadda a cikin shekara 100 ta fi kabon riƙe zafi kusan sau 28. Shi ya sa hayaƙin kilon naman sa ya ninka na kaza kusan sau goma. Ba sai an bar nama ba, a dai rage. Abincin da ake zubarwa ma, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta yana jawo kashi 8 zuwa 10 cikin 100 na hayaƙin duniya.

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi shi ne jefar da abu mai aiki don sayen sabo. Kusan kashi huɗu cikin biyar na hayaƙin wayar salula a masana'anta yake fita, tun ba a kunna ta ba. In batir ne ya gaji, batir za a canza.