Ƙaton jirgi muke roƙo, ko jirgin da zai zo kullum?

Jama'a, duk ranar da wani ƙaton jirgi ya sauka a filin jirgin Garwa, nan Arewacin Kamaru, kafin magariba bidiyonsa ya gama zagaye zaurukanmu na WhatsApp. Wani ya ɗauko shi ta tagar ɗakin jira, wani kuma daga ciki, yana nuna hanyoyi biyu tsakanin kujeru, da ƙaramar talabijin a bayan kowace kujera, da kujerun gaba waɗanda ake miƙe su su koma gado. Sai a shiga tambaya: me zai hana a riƙa ba mu irin wannan zuwa Yawunde da Duwala? Ko mu 'yan Arewa ba mu kai ba ne?

Na san inda wannan tambaya ta fito, kuma ba na raina ta. Wanda ya daɗe yana ganin an mai da shi saniyar ware, dole ya riƙa auna darajarsa da girman abin da aka turo masa. Dattawanmu har gobe suna labarin Boeing 747 na tsohon Cameroon Airlines, wanda aka raɗa wa suna Mont Cameroun, kuma idan suna labarin za ka ga fuskarsu ta sake. Amma ina ganin muna roƙon abin da ba shi ne maganin ciwonmu ba, kuma idan aka ba mu shi, mu ne za mu fara kuka.

Mu fara da abin da ke sa kamfani ya saka jirgin ƙetare a hanyar cikin gida. Jirgin da aka tsara wa tafiyar awa 7 ko 10 yakan dawo gida ya zauna sa'o'i kafin tashinsa na gaba, alhali kuɗin hayarsa ko bashin sayensa ba ya tsayawa don yana ƙasa. Sai kamfani ya ce maimakon ya zauna, a tura shi gari mafi kusa ya dawo. Wani lokaci kuma ana bukatarsa ne a wani birni don ya tashi zuwa ƙetare daga can, to gara a kai shi da fasinja da a kai shi fanko. Akwai lokacin da sababbin matuƙa ke bukatar yawan tashi da sauka don hannunsu ya faɗa, akwai kuma ranar da ƙaramin jirgin ya lalace, babu wani a ƙasa sai babban. Haka ake yi a Amurka tsakanin manyan biranensu, haka a Indiya tsakanin Delhi da Mumbai. A shekarun korona, 2020 da 2021, da aka rufe iyakoki, manyan jirage da yawa sun koma zirga-zirgar cikin gida saboda ba su da inda za su je. A nan gida ma, lokacin da kamfanin jiragen saman ƙasarmu Camair-Co ya fara aiki a watan Maris na 2011, jirginsa Boeing 767 mai suna Dja yakan tashi daga Duwala ya biya ta Yawunde kafin ya nufi Faris, wato zangonsa na farko na cikin gida ne, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba.

Ku duba dalilan nan ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ce "saboda mutanen garin nan suna bukata". Duka lissafin kamfani ne, kuma ba laifi ba ne, kasuwanci ne. Sai dai ranar da hanyar Faris ko ta Jidda ta bukaci jirgin, za a ɗauke shi ba tare da an yi shawara da kowa a Garwa ba. Zanen aro ba ya rufe katara.

Sannan tsadarsa. Jirgi ya fi shan mai a lokacin tashi da hawa sama, ribarsa tana fitowa ne idan ya daidaita can sama ya miƙa na sa'o'i. Tsakanin Yawunde da Garwa, babban jirgi yana gama hawa ba da jimawa ba zai fara shirin sauka. Kuɗin sauka da filin jirgi ke karɓa da nauyin jirgi ake auna shi. Kuma abin da ke tsufar da jirgi ba awannin da ya yi a sama kaɗai ba ne, har da yawan tashi da sauka, domin kowane tashi ana cika jikinsa da iska ya kumbura kaɗan, kowace sauka ya saki, ga birki da tayoyi suna ci. Kujerun nan masu zama gado da muke ɗauka a bidiyo, kowace ɗaya ta cinye wurin kujeru da dama na talaka, kuma wa zai biya kuɗin gado a tafiyar da ko barci bai ɗauke shi ba za a ce a ɗaura bel? Duk wannan kuɗi a kan tikitinmu zai sauka, ko kuma a kan baitulmali, wanda shi ma aljihunmu ne.

Japan ce ƙasar da aka fi sani da manyan jirage a cikin gida, tsakanin Tokyo da Sapporo misali, inda fasinja ba ya yankewa. Amma ko su ba jirgin ƙetare suka ɗauko suka saka ba. Sun sa Boeing ya ƙera musu nau'in 747 na musamman, wanda aka ƙarfafa don yawan sauka, aka jera masa kujeru fiye da 500. Mu ba mu da fasinjan Tokyo, ba mu da aljihun Tokyo.

Ga inda gizo ke saƙa, kuma nan ne abin ya fi taɓa ni. A ce mutum 400 ne ke son zuwa Yawunde daga Garwa a mako. Jirgi mai kujeru 200 zai zo sau 2 ke nan, ya gama da mu. Jirgi mai kujeru 70 da wani abu kuwa zai zo kusan kullum. Yanzu ka tuna wanda aka buga wa waya da asuba yana Yawunde aka ce mahaifiyarsa ta rasu a Garwa. Mu ba ma ajiye gawa mu jira. Me zai yi da jirgi mai talabijin wanda sai jibi zai tashi? Ka tuna mara lafiyar da likita ya ce a gaggauta kai shi babban asibiti a Kudu, da ɗalibin da aka sanar da ranar jarrabawar shiga makaranta a ƙurarren lokaci, da ɗan kasuwar da kayansa ke tashar jiragen ruwa ta Duwala kuɗin ajiya na hawa a kansa kullum. Idan babu jirgi yau, abin da ya rage shi ne jirgin ƙasa na dare daga Yawunde, ka wayi gari a Ngaundere, ka nemi mota, ka gangara tsaunin Falez kana salati, ka isa Garwa da yamma idan Allah ya sa hanya ta yi kyau. Mutumin Marwa kuwa akwai sauran sama da kilomita 200 a gabansa. Na ga tsofaffi suna saukowa daga motar nan ƙafafu sun kumbura, takalmi a hannu saboda ya ƙi shiga, jika na riƙe da su har bakin babur. Irin waɗannan ba su tambayar faɗin jirgi.

Akwai kuma maganar adalci a tsakaninmu, wadda mu 'yan Garwa ba mu cika son ji ba. Titin saukar jirgi na Garwa ya haura kilomita 3, shi ya sa manyan jirage ke iya sauka a nan. Na Marwa Salak da na Ngaundere ba su kai shi ba, ga Ngaundere a kan tudu take, ga zafin Maris da Afirilu wanda ke sa iska ta yi sako-sako har jirgi mai nauyi ya bukaci ƙarin titi kafin ya ɗaga. Duk lokacin da muka ce sai babban jirgi, ko mun sani ko ba mu sani ba, cewa muke yi a tattara komai a Garwa, mutumin Mokolo da na Yagwa da na Meiganga ya shiga mota ya same mu. Dama can mutanen Kuseri da yawa gadar Ngeli suke tsallakawa su hau jirgi a Njamena.

Na san ana raina jirgi mai farfela. Za ka ji Alhaji yana cewa shi ba zai hau "mai fanka" ba. Amma irin Q400 yana gudun sama da kilomita 600 a awa, kuma a gajeriyar hanya tazarar da jet zai ba shi 'yan mintoci ce. Ethiopian Airlines yana da Boeing 787 da Airbus A350, duk da haka Q400 ne ƙashin bayan zirga-zirgarsa zuwa garuruwa irin su Lalibela da Gondar. Aibinsa na gaske guda ne, wurin kaya kaɗan ne, kuma Hajiyoyinmu 'yan kasuwa suna da gaskiya idan suka yi ƙorafi a kan kilo. Wannan a gyara shi da jirgin kaya. Ba kuma ina cewa ƙaramin jirgi shi kaɗai ya isa ba. Maƙwabtanmu na Cadi sun kafa Tchadia Airlines a 2018 tare da Ethiopian, da irin wannan jirgi, amma zuwa 2022 an rufe shi. Jirgi daidai da hanya sharaɗi ne na farko, sai kuma riƙon amana da kayan gyara da biyan ma'aikata a kan lokaci.

Babban jirgi yana da ranarsa, ba na musu. Lokacin aikin hajji, maniyyaci ya tashi daga Garwa kai tsaye ba tare da an wahalar da shi zuwa Kudu ba, wannan haƙƙi ne. Lokacin gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022, da Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau suka yi wasanninsu a filin wasan Rumde Ajiya na Garwa, garin ya cika, irin wannan lokaci a kawo duk jirgin da ake da shi. Haka kwanakin sallah da ƙarshen shekara. Kuma idan jirgi zai taso daga Duwala ko Yawunde fanko don ya kwashi alhazai a nan, ban ga dalilin da zai hana a sayar da kujerunsa da sauƙi a sanar da jama'a da wuri ba. Idan jirgin na kamfanin waje ne, ƙa'idar da ta samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ba kowace ƙasa ikon hana baƙon kamfani ɗaukar fasinja tsakanin garuruwanta, shi ya sa jiragen Turai da ke biyawa ta Duwala da Yawunde ba sa sayar maka da tikitin tsakanin biranen biyu. Amma iko ne aka ba ƙasa, tana iya sassautawa idan ta ga dama.

Saboda haka 'yan majalisarmu na jihohin Arewa uku, da sarakunanmu, da manyan 'yan kasuwa masu shiga ofisoshin Yawunde, don Allah idan kun samu zama da masu wannan harka, kada ku ɓata damar wajen tambayar wane irin jirgi za a turo. Ku nemi a rubuta muku ranaku da awa: jirgin safe kullum zuwa Garwa, da na Marwa da na Ngaundere waɗanda mutum zai iya ɗora alƙawari a kansu, da jirgi na biyu a ajiye saboda ranar da na farko ya lalace, da saƙo a waya tun da wuri idan hazo ya hana sauka, kafin mutum ya baro Gider ko Figil da asuba ya zo ya zauna a ɗakin jira.