Kunya ce ko ciwo? Wa ke yanke hukuncin?

Jiya da daddare a teburin mai shayi nan Agege muka kusa ɓatawa da wani abokina akan yaron shagonsa. Yaron bai fi wata uku da zuwa daga gida ba, in mace ta shigo sayayya sai ya sunkuyar da kai, magana ma da ƙyar ake jinsa, to wai wata nas da ke sayen kaya wurinsu ta ce a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Yaba a duba shi, tsoron mutane ke damunsa kuma ciwo ne. Na ce haba Alhaji, a garinsu sunan wannan abin kunya, da ita ake ba mutum 'ya. Don ya zo Legas inda in ba ka ɗaga murya a danfo ba kwandasta zai wuce da canjinka, shikenan tarbiyya ta zama cuta?

Kar wani ya ce na ƙaryata taɓin hankali. Asibitin Yaba tun 1907 yake nan, kuma duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa ya san abin ba wasa ba ne. Magana ta ita ce, mutane ne ke zama su shata iyaka tsakanin lafiya da ciwo, kuma da abin da suke ganin ya dace da wanda bai dace ba suke shata ta. A 1851 wani likita a Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa bawan da ke gudu daga ubangidansa ciwon ƙwaƙwalwa gare shi, har da bulala cikin maganin. Likita fa, da takardunsa!

Sai abokina ya ce ai wannan na kai ne, na jiki na'ura ke faɗa. Na ce na'ura lamba kawai take bayarwa. Hawan jini da muka sani daga 140/90 yake farawa, a 2017 likitocin zuciya na Amurka suka sauko da shi 130/80, miliyoyin mutane sun kwanta lafiyayyu sun wayi gari masu hawan jini alhali jinin nasu yana nan yadda yake. Suna da hujjarsu, ban musa ba, amma wani ne ya auna ya ce wannan kasadar ta yi yawa, waccan za a iya haƙuri da ita.

Mu ma al'adarmu tana kuskure, gaskiya ɗaya ce. Muna yara a ƙauye yaro zai yi ta wanka a kududdufi ya fara fitsarin jini, manya su yi dariya su ce ya zama namiji, ashe tsargiya ce, tsutsa ke cin mafitsararsa. Haka tumbi, har gobe in ka aje shi a kasuwar Mile 12 cewa za a yi kuɗi sun zauna.

Shi ya sa na tambayi Alhaji, yaron nan yana cin abinci? Yana barci? Shi da bakinsa ya ce abin yana damunsa, ko ku ne yake damu saboda ciniki? Ya yi shiru, can ya ce ai ranar Asabar ma ya gan shi a gidan kallon ƙwallo yana ta musu akan Arsenal har muryarsa ta dushe. Mai shayi ya miƙo min kofi na yana dariya, ya ce to a bar masa kunyarsa mana, a koya masa lissafin canji.