Kafin a ce ɗan kaso ya sha ƙwaya, wa ya gwada abin gwajin?

Jama'a, duk sanda aka yi babban kamu na ƙwaya a ƙasar nan, irin tan 17 na tabar wiwi da OCRTIS, hukumar yaƙi da fataucin miyagun ƙwayoyi, ta kama nan Yamai a watan Maris na 2021, sai hira a fada ta gangaro kan gidajen kaso. Kowa na cewa ai can ciki ma ana sha, don haka a riƙa gwada fitsarin ƴan kaso, wanda aka kama a ƙara masa horo. Ba na musun akwai matsala, kuma ba na son ɗan kowa ya shiga kaso da laifi ɗaya ya fito da jarabar tramol. Amma aikina na ɗakin gwaje-gwaje ne, kuma yadda mutane suka yarda da ɗan tsinken gwajin nan, wanda ake tsomawa a fitsari don neman alamar ƙwaya, yana ba ni tsoro. Ra'ayina shi ne kada a hukunta kowa da sakamakon tsinke shi kaɗai, sai an tabbatar da shi da gwaji na biyu.

Ku fara da yadda ake karanta shi. Duk wanda ya taɓa kai yaro likita ya san gwajin masassarar cizon sauro: layi biyu, akwai cutar. To gwajin ƙwaya a fitsari akasin haka yake. Layi biyu na nufin ba a ga komai ba, layi ɗaya ne ke nufin an gani. Ko da layi na biyun ya fito dishi-dishi, sai an kanne ido ake ganinsa, hukuncinsa dai babu. Ga kuma lokaci: yawancinsu a minti 5 ake dubawa, in an wuce minti 10 sakamakon ya tashi aiki. Ku ɗauka gardi ne a tsaye da kofuna goma sha a gabansa, ana hayaniya, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa wannan. Kuskure ɗaya ya isa a hana bawan Allah ganin iyalinsa.

Sai zafi. A jikin kwalin an rubuta a ajiye tsakanin digiri 2 zuwa 30. Mu da muke Yamai mun san Afrilu da Mayu, ana wuce digiri 40 a inuwa, balle ɗakin ajiya mai rufin kwano. Tsinken da ya yi watanni a irin wannan wuri zai ci gaba da fitar da layi, amma ba mai iya rantsuwa a kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar magunguna. Tsinken ba ya gane ƙwayar kanta ƙeƙe-da-ƙeƙe, abin da ya yi kama da ita yake kamawa. Rifamfisin, maganin tarin fuka mai maida fitsari ja, an sha samun ya nuna kamar mutum ya sha dangin hiroyin a wasu gwaje-gwajen. Haka ofuloksasin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da ƴan'uwansa. Efabirenz, da masu ɗauke da Sida suka daɗe suna sha, yana iya nuna wiwi a fitsarin wanda bai taɓa kai ta baki ba. Ina aka fi samun masu tarin fuka in ba wurin da aka cusa mutane ninkin-ba-ninkin abin da ɗaki zai ɗauka ba? Mutum na shan maganinsa kamar yadda likita ya ce, sai a kira shi ɗan ƙwaya. Gobe sai ya daina shan maganin don tsoro, tarin ya bi sauran ƴan ɗakin. A ɗaya ɓangaren kuma, tramol ɗin da ya fi addabar samarinmu ba ya fitowa a tsinken da aka yi don dangin hiroyin, sai an sayi nasa na musamman. Ke nan ana iya kashe kuɗi a sayo kaya, mai shan tramol ya wuce sumul, marar lafiya ya faɗa.

Kada wani ya ce ai mu ne ba mu da tsari. A jihar New York ta Amurka, daga Janairu zuwa Agustan 2019, hukumar gidajen kaso ta yi ta hukunta mutane da sakamakon gwajin farko ba tare da tabbatarwa ba, alhali kamfanin da ya yi kayan ya rubuta cewa a tabbatar. Rahoton da babbar mai binciken jihar ta fitar a Janairun 2022 ya nuna an hukunta sama da mutum 1,600, an kulle 140 a ɗakin kaɗaici, wasu an jinkirta musu fita. Masu kuɗi da lauyoyi ke nan. A nan, inda da yawa daga cikin ƴan kaso jiran shari'a ma suke yi, wa zai bi musu kadi?

Gwaji mai inganci ba abin ɓoye ba ne. Ana karɓar fitsarin a gaban mai shi, a duba ɗuminsa cikin minti 4 ya kasance tsakanin digiri 32 da 38, a raba shi kwalba biyu, a liƙe, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Duk hannun da kwalbar ta bi sai an rubuta suna da lokaci. A tambaye shi magungunan da yake sha tun kafin a tsoma tsinke. In tsinke ya nuna wani abu, kwalba ɗaya ta tafi ɗakin gwaji mai na'urar da ke tantance sinadari da sunansa da adadinsa, ɗayar ta zauna cikin sanyi don ranar da ya ce bai yarda ba. Ingila, da ta wajabta gwajin a duk gidajen kasonta tun 1996, da kwalba biyun take aiki. Shi ma ɗakin gwajin a riƙa jarraba shi, a sako masa fitsarin da aka riga aka san abin da ke ciki ba tare da ma'aikata sun sani ba. Muna da ɗakin gwaji na ƙasa, LANSPEX, nan Yamai da ke duba ingancin magunguna, irin wurin da ya kamata a ƙarfafa ke nan tun kafin a sayi kwali ko ɗaya. Sai kuma a yi tunanin yadda kwalbar da aka ɗauka a Tawa za ta iso ba ta lalace a hanya ba.

Ƙa'idojin Nelson Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce dole a sanar da ɗan kaso abin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi damar kare kansa, kuma ma'aikatan lafiya kada su sa hannu wajen yanke masa horo. Wannan na ƙarshen na riƙe shi da muhimmanci. Ranar da ƴan kaso suka fahimci cewa mai ba su magani shi ne mai kai sunansu, ba mai sake zuwa ya ce masa yana son ya bar ƙwaya.

Na san za a ce tsada. Gaskiya ne, gwajin tabbatarwa ya fi tsinke tsada nesa ba kusa ba. Amma in kuɗin bai kai ba, a gwada mutum kaɗan a yi shi daidai, ko kuma a bar sakamakon tsinke a hannun likita don ya san wanda zai taimaka wa, kada ya shiga takardun hukunci. Kuma a tuna ƙwayar ba tsirowa take yi a tsakar gidan kaso ba, ta ƙofa take shiga. In aka tsaya kan fitsarin ƴan kaso kaɗai, an bar jaki ana dukan taiki. Ina roƙon ma'aikatar shari'a, duk ranar da wani ya zo mata da tayin kayan gwaji, ta fara tambayarsa wane ɗakin gwaji ne zai tabbatar da sakamakon, kuma wa zai biya.