Yadda na buɗe fadamar gansakuka a tsakiyar falona

Son a sani ne ya ja ni, ba son kifi ba. Na je Abuja gidan wani abokina, na tarar da akwatin gilashi a falonsa, ruwa garau, 'yan kifaye masu launi suna kai da komo, kumfa na tashi daga ƙasa. Tun a mota nake lissafin inda zan ajiye nawa. Ban yi wata da dawowa Sakkwato ba na sa mai yankan gilashi ya haɗa mini mai cin lita 60, na yi odar kifaye daga Kano aka ba direba ya taho da su cikin leda: 'yan ƙananan kifaye masu launi da ake kira gupi guda takwas, da kifin zinariya biyu. Na sayi matatar ruwa, da ɗan injin hura iska, da fitila doguwa ta saman akwatin.

Sai na zaɓi wuri. Ina ne baƙo zai fi gani da ya yi sallama? Jikin tagar da ke kallon yamma. Wanda ya san ranar Sakkwato a watan Maris ya riga ya fara yi mini dariya, na sani. Daga azahar har gab da magariba rana na dukan gilashin nan. Da dare kuma na jona fitilar da sola na bar ta a kunne har safe, don yara sun ce tana yi musu kyau, ni kuma ina so maƙwabta su riƙa hangowa ta labule.

Sati na farko na ci kasuwata. Mutanen layinmu a Mabera sun yi ta zuwa gaisuwar da ba su saba ba.

A sati na biyu ruwan ya fara dishi-dishi. A na uku ya koma kore shar, irin na tafkin bayan gari da damina. Kifi sai ya zo ya manna baki da gilashi kake gane yana raye. Wani dattijo da ya zo yi mini barka da sabon abu ya tsaya ya daɗe yana leƙe, sannan ya juyo ya ce, "Malam, kuka kaka jiƙawa a falo?"

Ranar Asabar na ɗaura ɗamarar yaƙi. Na kwashe kifayen na zuba a bokiti, na zubar da ruwan kaf, na sa omo da soso na dirje gilashin har yana ƙara. Tsakuwar ma na wanke ta tas, soson cikin matatar na matse shi da sabulu na shanya a rana. Na tare mai ga-ruwa ya juye mini jarka uku, na mayar da kifaye nan take, na koma kujera ina jin kaina kamar wanda ya ci Argungu. Da asuba gupi uku na shawagi ciki sama. Kafin Alhamis kore ya dawo, har ya fi na da kauri.

Wani maƙwabcina mai sayar da kifi ya ce abin ba wuya, in saka tarwaɗa, ita ba ta barin datti. Ya kawo mini wata 'yar madaidaiciya kyauta. Gaskiyarsa, ba ta bar komai ba: cikin kwana biyu ta share gupi biyu, gansakukar ce kawai ba ta taɓa ba. Uwargida ta yi mana farfesunta, an dai rage asara.

Allah ya taimake ni ɗan yayata ya zo hutun ƙarshen mako. Yana karatun kiwon kifi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ni kuma ban taɓa ɗaukar karatun nasa da muhimmanci ba sai ranar. Ya duƙa ya dubi akwatin, ya dubi taga, ya dubi fitila, ya ce, "Kawu, sau nawa ake ba su abinci?"

Na ce sau ɗaya, da safe, ni da hannuna.

Uwargida ta ce ita ma takan ɗan zuba musu in ta gama shara. Yaran uku suka sunkuyar da kai, ashe kowa na da nasa lokacin bayan an taso daga boko da Islamiyya. Inna na gefe kan darduma tana jan carbi, ta ce, "Ni ma ina ba su. Ka kamo bayin Allah ka kulle cikin kwalba, ba su da bakin roƙo, haƙƙinsu na bisa wuyanka. Ba ka ji matar da ta shiga wuta saboda kyanwa ba?" Ita ba ma abincin kanti take ba su ba, ƙuli-ƙuli take murmushewa, wani lokaci da ɗan gutsuren masa.

Yaron nan ya zaunar da ni ya karanta mini. Ya ce gansakuka tsiro ce, irin wadda ta mayar da ruwana kore ƙanana ce ƙwarai masu yawo cikin ruwa, ido ba ya ganin guda ɗaya, kuma rabewa biyu suke yi su ninka kansu, shi ya sa ko na zubar da ruwa 'yan kaɗan da suka rage sun isa su cika shi. Abin da suke so biyu ne, haske da taki. Ragowar abinci da kashin kifi in sun ruɓe suna sakin naitiret da fosfet. "Kawu, ka san buhun NPK? To N ɗin da P ɗin ke nan. Ka ba ta taki, ka ba ta ruwa, ka ba ta rana wuni guda da fitila kwana guda. Ko masu albasa a Kwalkwalawa ba su kula da gona haka."

Maganar omo kuwa sai da ya dafe kai. Ya ce sabulu na lalata wa kifi abin shaƙar iska ko da ɗan kaɗan ne ya rage, sannan soson da na shanya nan ne gidan wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke sarrafa gubar fitsari da kashin kifi, na kashe ma'aikatana da hannuna. A tsohon ruwan akwatin ake ɗauraye shi, ba a famfo ba. Ruwa kuma ba a canza shi duka, kashi ɗaya cikin huɗu ake ɗiba kowane mako, sabon a bar shi ya kwana a buɗe saboda sinadarin kulorin. Fitila awa 6 zuwa 8, abinci abin da za su cinye cikin minti 2.

Magani na gaggawa, in ji shi, duhu ne. Muka janye akwatin daga taga zuwa lungu, muka canza rubu'in ruwan, muka lulluɓe shi ruf da baƙin bargo. Kwana 4 ba haske, ba abinci, injin iska kawai zai ci gaba da aiki. Ya rantse mini kifi lafiyayye ba ya mutuwa don yunwar kwana 4. Na tara iyali na kafa doka kamar sabon hakimi.

To bargo a watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, wani aiki ne daban. Ruwa in ya yi ɗumi iskar cikinsa raguwa take, don haka kullum da rana sai in sayo ƙanƙara a ƙulle cikin leda, in zura hannu ƙarƙashin bargo in saka ba tare da na ɗaga ba. In an ɗauke wuta kuma in ruga in mayar da injin kan sola. Ana cikin haka wani abokin kasuwancina ya zo, ya ga abu a lulluɓe da baƙi a lungu yana gur-gur, ya ga na durƙusa ina zura masa wani ƙulli. Ruwan da aka kawo masa ma bai sha ba, ya ce ya tuna ana jiransa. Washegari a masallaci har wani ya ja ni gefe yana yi mini nasiha a kan neman halal.

Kwana 4 suka cika, na tara yara, na yaye bargo da bisimilla. Kore. Ya ɗan yi haske, amma kore ne. Na kira yaron a waya, ya ce ba zai yiwu ba sai in haske na shiga, in sake wasu kwanakin.

A dare na biyu na zagaye na biyu, wajen ƙarfe uku, na fito shan ruwa. Sai na ga bargo ya yi tozo, haske na fita ta ƙasansa. Na lallaɓa na ɗaga gefe. Inna ce zaune kan kujera 'yar tsugune, kanta cikin bargo, tocila a hannun hagu, ƙuli-ƙuli a hannun dama, kifayen nan biyar sun jeru gabanta suna buɗe baki.

Na ce, "Haba Inna!"

Ko juyowa ba ta yi ba. Ta ce, "Rufe mana, kana shigo musu da iska. Kai dai da kac ci tuwonka kak ƙoshi, je ka kwanta."