Ford Maverick mai batir: motar Legas ce, ba ta hanyar gona ba

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, hirar 'yan arewa masu harkar kaya a Legas ta koma lissafin lita. A Mile 12 ko Agege, kafin a tambayi kuɗin mota sai an tambayi yadda take shan mai. Shi ya sa hotunan Ford Maverick samfurin 2025 suke ta yawo a wayoyin mutanenmu. Ra'ayina a kanta kashi biyu ne: mazaunin Legas da yake da hali ya saya, amma wanda zai kai ta gida ta yi aikin Hilux, ya riƙe kuɗinsa.

Ƙaramar a-kori-kura ce mai ƙofa huɗu, ana haɗa ta a Hermosillo ta ƙasar Meziko, ta kuma shiga kasuwa a 2021. Injinta na fetur mai lita 2.5 yana aiki tare da injin lantarki da ɗan ƙaramin batir. Ba a jona ta da wuta, domin batirin da kansa yake cika yayin tafiya da taka birki, don haka babu zancen "ina wutar take?" A da, duk mai son wannan mai batirin sai ya haƙura da jan tayoyin gaba kawai, mai son tayoyi huɗu su ja kuwa sai ya ɗauki ta fetur zalla. A samfurin 2025 ne aka haɗa biyun a mota guda. Aka kuma ƙara girman allon taɓawa da ke tsakiyar gaban motar daga inci 8 zuwa 13.2, aka kawo kyamarar da ke nuna kewayen mota gabaɗaya.

Abin da ya ja hankalina shi ne wannan: bisa gwajin hukumar kare muhalli ta Amurka, tana cin wajen kilomita 17 da lita ɗaya a cikin gari, a babban titi kuwa wajen 14. Wato cunkoso ya fi karɓar ta. Duk wanda ya taɓa biyo titin Ikorodu da safe daga Mile 12 zuwa Ojota ya san abin da nake nufi. Za ka ga tsohuwar a-kori-kura ɗauke da kwandunan tumatir, direba ya rataye tawul a wuya, ƙafarsa ɗaya a kan kuloci, injin na ta ruri alhali motar ba ta motsa ko taku goma ba. Man da aka saya da tsada yana ƙonewa a tsaye, tumatirin na nuna a rana, kuma a ƙarshe duk a kan mai kayan lissafin zai faɗa. Maverick a irin wannan wuri kashe injin fetur take yi, ta riƙa jan jiki da batir. Ga mai kai kaya gidajen abinci a Ikeja ko Surulere kullum, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Kyamarar ma a nan ba ado ba ce. Lungunan Mushin da Idi-Araba, inda keke mai ƙafa uku ke shigo maka ta hagu mai tura baro ta dama, suna buƙatar ido fiye da biyu. Jan tayoyi huɗun kuma zai yi rana a lakar bakin kasuwa da damina. Sai dai batirin a ƙasan motar yake, idan ambaliya ta cika titi kamar yadda take yi a Lekki, dabara ita ce a juya.

To, gida fa? Wani ƙanina da ke noma a wajen Funtuwa ya kira ni, ya ce, "Yaya, tunda yanzu ƙafa huɗu take ja, ba gara na tara kuɗinta ba?" Na ce masa ya fara ƙirga buhu tukuna. Nauyin da aka ƙayyade mata bai wuce kilo 680 ba, kuma har da direba da duk wanda ya hau. Buhun masara mai kilo 100 guda biyar, da kai da yaron mota, an gama. Bayanta ma bai kai mita ɗaya da rabi ba. Mu kuwa mun san yadda ake loda mota ranar kasuwar Dandume ko Bakori: sai an ga bayan ya zauna, sannan mutane su hau saman buhunan. Hilux na ɗaukar kusan tan guda, kuma gangar jikinta a kan shasi na daban take zaune. Maverick jikinta da shasinta abu ɗaya ne, tushensu guda da Ford Escape, motar kai yara makaranta.

Jan tayoyi huɗun nata ma ba irin wanda manomi ke tunani ba ne. Yawancin lokaci tayoyin gaba ne ke aiki, sai sun fara santsi kwamfutar motar take tura ƙarfi baya. Ba ta da ƙaramar giyar nan da ake sa wa Hilux ta fita daga yashin rafi a hankali. An yi ta ne don ƙanƙara da titin da ruwa ya jiƙa a Amurka, ba don kwazazzabon da damina ke haƙawa a hanyar ƙauye ba. Kuma a doguwar tafiya, inda ba tsayawa ba birki, ribar batirin raguwa take yi.

Sai babbar magana, wato gyara. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ta daɗe a hanyoyinmu ne saboda kowane bakanike a gindin bishiya ya san cikinta, kayanta kuma na nan a kowace tasha. A Legas akwai kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo, akwai masu na'urar duba mota da suka saba da Toyota masu batir, ko ba a samu abu yau ba za a yi odarsa. Idan fitila ta kama a allon Maverick a Ƙanƙara ko Malumfashi, ɗaukar ta za a yi zuwa Kano ko Kaduna. Wayoyinta masu ruwan lemo kuwa wuta ce mai ƙarfi a cikinsu, mai rewayan da bai koya ba yana iya rasa ransa a kai. Wannan ya fi damuna fiye da zancen buhu, domin yaranmu ne ke wannan sana'a, kuma motoci masu batir suna ta shigowa ko mun shirya ko ba mu shirya ba.

Farashinta ya fara ne ƙasa da dala 20,000 a 2021, ya kuma hau tun daga lokacin. Da kuɗin kwastan da halin da naira ke ciki, yawancinmu sai dai mu jira ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Tin Can a matsayin tokumbo. Idan ta iso, kada a tsaya ga fenti da girman allo. A sa na'ura a duba lafiyar batirin, a ɗaga kafet a shinshina, domin motocin da ambaliya ta cinye a Amurka su ma ta wannan tashar suke shigowa.