Wai yaro Mayweather ya doke? Ku sake lissafi

Tun daren da Terence Crawford ya karɓe kambunan duniya huɗu na damben boksin daga hannun Canelo Alvarez a 2025 nake haɗiye maganar nan, amma jiya a teburin mai shayi wani bawan Allah ya sa na kasa. Yana kurɓar shayinsa ya ce wai yanzu asiri ya tonu, Canelo dama ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma Floyd Mayweather yaro ya samu ya daka a 2013, don haka a daina lissafa wannan nasarar. Mutum huɗu suka gyaɗa kai. Wallahi raina ya ɓaci har na bar shayina ya huce.

Bakin da ya faɗi haka, minti biyar kafin nan shi ne yake rantsuwa cewa Crawford ya fi kowane ɗan dambe a wannan zamani. Na ce masa, malam, me ya sa Crawford ya zama gwarzo a idonka? Ya ce saboda ya doke Canelo. To in Canelo ba komai ba ne, wa Crawford ya doke ke nan? Ba zai yiwu ka ɗauki mutum ɗaya ka mai da shi giwa idan za ka yabi naka, ka mai da shi ɓera idan za ka kushe na wani ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Darajar nasarar Crawford daga abin da Canelo ya gina cikin shekara 12 ta fito, kuma ginin nan shi ne yake ɗaga nasarar Mayweather tun kafin Crawford ya yi mafarkin hawa ajin nauyin Canelo.

Mu koma daren kansa, 14 ga Satumba 2013, a Las Vegas. Canelo yana da shekara 23, wannan gaskiya ne. Amma ya fara damben kuɗi tun yana ɗan shekara 15, ya shigo daren da dambe 43 a bayansa, ya ci 42, canjaras ɗaya, ba wanda ya taɓa cin galaba a kansa. Ya riga ya doke Shane Mosley a 2012, ya doke Austin Trout a Afrilun 2013, yana riƙe da kambu biyu na duniya. Wane irin yaro ne wannan? Shi kuwa Mayweather shekararsa 36, shekarun da yawancin 'yan dambe ƙafa ta fara nauyi, kuma shi ne ƙarami a jiki. Turmi 12 aka yi, Canelo yana kai naushi yana samun iska. Alƙalai biyu suka ba Mayweather nasara da maki 117 da 111, da kuma 116 da 112. Ta ukun, C.J. Ross, ta rubuta 114 da 114, hukuncin da ya jawo mata surutun da bayan 'yan kwanaki ta ajiye aikin. Duk wanda ya kalli damben da idonsa ya san ba canjaras a ciki.

Washegari mutane da yawa sun ce an yi wa yaro wayo, an kama shi tun bai nuna ba. A lokacin ban yi musu da ƙarfi ba, domin ba wanda ya san abin da Canelo zai zama. Da ya shiririce bayan nan, da ya zama irin matasan da ake yi wa kirari shekara biyu a manta da su, da nasarar Mayweather ta tsaya a matsayin dare ɗaya mai kuɗi kawai. Sai ga abin da ya biyo baya. Ya doke Miguel Cotto a 2015. Ya kwantar da Amir Khan a turmi na 6 a 2016. Ya yi canjaras da Gennady Golovkin a 2017, ya doke shi a 2018. Ya hau har ajin masu nauyin laba 175 ya kayar da Sergey Kovalev a turmi na 11 a 2019. Sannan daga Disamban 2020 zuwa Nuwamban 2021, ƙasa da shekara guda, ya bi Callum Smith da Billy Joe Saunders da Caleb Plant ɗaya bayan ɗaya, su ukun babu wanda aka taɓa dokewa kafin ya haɗu da shi, ya tattara kambuna huɗu na ajin laba 168, abin da ba wanda ya taɓa yi a ajin. Duk lokacin da aka ɗaga hannun Canelo a waɗannan darare, akwai wani mutum zaune a gidansa da nasararsa ta 2013 take ƙara nauyi ba tare da ya sa safar dambe ba. Kusan shekara tara, daga 2013 zuwa Mayun 2022 da Dmitry Bivol ya doke shi, sunan mutum ɗaya ne kawai a gurbin waɗanda suka ci Canelo.

Na san abin da za ku rubuto min a ƙasa. Za ku ce a damben 2013 an ƙayyade nauyi a laba 152, kusan kilo 69, an rage wa Canelo laba biyu daga ajinsa don a raunana shi. Laba biyu bai kai kilo ɗaya ba, kuma da hannunsa ya sa hannu a takardar, ya kuma shiga fili ya fi abokin karawarsa nauyi nesa ba kusa ba. Laba biyu ba su ne suka sa ya kasa taɓa mutum turmi 12 ba. Za ku ce Golovkin ne ya ci damben farko. Na yarda mutane da yawa haka suka gani, ni ma ban ji daɗin katin da ya ba Canelo 118 da 110 ba, amma cire wannan daren gaba ɗaya ka ga ko sauran sun ragu. Za ku ce Canelon 2021 ya fi na 2013 ƙwarewa. Ƙwarai kuwa, ai maganata ke nan. Je ka kalli yadda yake sunkuyar da kai yana kauce wa naushin Daniel Jacobs a 2019, ka gaya min a wace makaranta ya ga amfanin wannan. A ganina daren da ya sha wahala a hannun Mayweather ne ya nuna masa cewa ƙarfi kaɗai ba ya kai mutum ko'ina.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne a damben boksin, sai dai ga wanda ya fara kallo jiya. Muhammad Ali ya kwantar da George Foreman a turmi na 8 a Kinshasa a 1974. Babbar nasara ce tun a ranar. Amma da Foreman ya dawo fage, shekara 20 bayan wancan daren, yana da shekara 45, ya kayar da Michael Moorer a turmi na 10 a 1994 ya sake zama zakaran duniya, sai kowa ya sake waiwayar Kinshasa da sabon ido: ashe mutumin da Ali ya gajiyar a jikin igiya irin wannan ƙarfen ne. Roy Jones ya doke Bernard Hopkins a 1993 lokacin da mutane kaɗan ne suka san Hopkins. Daga baya Hopkins ya kare kambunsa sau 20, ya kuma ci kambun duniya yana da shekara 46, sai wancan daren na 1993 ya zama ɗaya daga cikin manyan abin da ake ambata idan ana maganar Jones. Lennox Lewis ma haka. A 2003 likita ya tsayar da dambensa da Vitali Klitschko bayan turmi na 6 saboda mummunan tsagewa a saman ido, alhali Vitali ne kan gaba a katin alƙalai, aka yi ta cewa Lewis sa'a ya taka. Vitali bai sake faɗuwa ba har ya yi ritaya. Yau wa yake raina wannan nasarar?

Abin da yake min ciwo shi ne saurin da muke yi wajen zubar da mutum. A daren da Crawford ya doke shi, Canelo yana da shekara 35, ya yi shekara 20 yana shan naushi don neman abinci, ya yi dambe sama da 60, sau uku kacal aka ci shi, kuma waɗanda suka ci shi ɗin su ne Mayweather da Bivol da Crawford. Dare ɗaya ya zo ya gamu da wanda ya fi shi, sai mu da muke zaune a kan benci mu ce dama can banza ne. Ba Mayweather nake karewa ba don ina sonsa, halinsa na fariya da kuɗi bai taɓa burge ni ba. Adalci nake nema ga su biyun, domin idan ka rushe Canelo ka rushe duk wanda ya taɓa cin sa, har da Crawford ɗin da kake yabo.

Ina hanyar komawa gida sai tunanina ya tafi kan namu damben na gargajiya. Na iya kawo muku waɗannan shekaru da alƙaluman ne saboda can an rubuta komai, har katin alƙali. Mu fa? Matashi zai sa zare ya kashe wani sabon ɗan dambe a filin ƙauye bayan kaka, bayan shekara biyar wanda aka kashe ɗin ya zama shagon da Kudu da Arewa da Guramada suke tsoro, amma wancan na farko ba shi da shaida sai bakin waɗanda suka halarta. Ko Shago da sunansa ya cika ƙasar Hausa, yawancin abin da muka sani game da shi daga bakin makaɗa da tsofaffi muka ji. Yanzu kowa yana da waya a hannu, ana ɗaukar kisa ana watsawa a Facebook da TikTok, amma sau da yawa ba kwanan wata, ba sunan gari, wani lokacin ko sunan wanda ya faɗi ba a sawa. Don Allah masu ɗaukar bidiyo a gidajen dambe, ku riƙa rubuta rana da wuri da sunan mutum biyun, har da wanda ya sha ƙasa.