Wai abin wuyan yana shaƙe shi

Masu cika min akwatin saƙo tun jiya da "Hajiya kin cika zafi", na ga saƙonku, na gode, kuma ban janye ko kalma ɗaya ba daga abin da na faɗa a kan uban da ya cire wa ɗansa abin kare wuya a wasan hoki na ƙanƙara. Uban da zai jira sai alƙalin wasa ya gama duba yara, sannan ya yafito ɗansa bakin shinge ya zare masa abin kare wuya ya cusa a aljihu, wannan uban bai san abin da yake yi ba. A kan idona aka yi ranar Asabar. Yaron sa'an ɗana ne, shekararsa 11. Da na yi magana sai ya ce min wai abin yana shaƙe shi, yana sa shi gumi.

Ayya, sannu da tausayi. Hular kwanon ma ai tana sa gumi, a cire masa ita mana ya sha iska.

Ku da kuke gida ba ku taɓa riƙe takalmin wasan hoki na ƙanƙara ba, bari in gaya muku. Ƙarfe ne a ƙasansa, kuma mu iyaye da kanmu muke kai shi shago, mu biya kuɗi a wasa mana shi kamar wuƙar layya. To ku ƙiyasta yara goma a guje a kan santsi, kowa da wuƙa biyu a ƙafa, suna ture juna suna zubewa a kan juna. Kai a rufe, fuska a cikin raga, ƙirji da gwiwa da hannu duk an lulluɓe. Wuya fa? Manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa suna nan gefe da gefe, ɗan nama da fata ne kawai a kansu. Idan aka yanke ɗaya, kafin motar asibiti ta iso zance ya ƙare. Wannan wurin ne bawan Allahn nan ya ga ya dace ya buɗe wa ɗansa.

Kuma a Minnesota muke, jama'a. Adam Johnson ɗan jihar nan ne. Ranar 28 ga Oktoba 2023, a garin Sheffield na Ingila, yana buga wa Nottingham Panthers, takalmin wani ɗan wasa ya same shi a wuya a gaban dubban 'yan kallo. Shekararsa 29, har NHL, babbar gasar hoki ta Amurka da Kanada, ya buga da Pittsburgh Penguins, bai rayu ba. Kafin shi, a Janairun 2022, yaro ɗan shekara 16 ya rasu a irin wannan hali a wasan makarantar sakandare a jihar Connecticut. Sai da aka binne waɗannan sannan hukumar USA Hockey ta wajabta abin wuya ga 'yan ƙasa da shekara 18, daga 1 ga Agusta 2024. Maƙwabtanmu na Kanada sun daɗe da wajabta wa yaransu. Suwidin ta yi nata tun bayan rasuwar ɗan wasanta Bengt Åkerblom a 1995. Dokar da aka saya da rayuka ita ce wani yake naɗewa ya sa a aljihu.

Wani ya rubuto min cewa ai abin ba kasafai yake faruwa ba. To, mun ji. Je ka faɗa wa uwar yaron Connecticut haka. Wata kuma ta ce abin wuyan ba ya rufe ko'ina, ƙarfe zai iya bi ta sama ko ta ƙasa. Gaskiya ne, shi ya sa ake neman wanda ya zauna daidai a wuyan yaro, ko a sayi rigar ciki mai haɗe da shi. Don ƙofa tana da 'yar kafa ba a kwana da ita a buɗe. Masu cewa tsada kuwa ko amsa ba zan ba su ba, sandar da ke hannun yaron nan ta ninka kuɗin abin wuyan sau nawa.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne na wajenmu, masu "ajali idan ya zo ko da sulke ne". Na yi imani da ƙaddara, kada wani ya koya min. Amma wanda ya karantar da mu ƙaddara shi ya ce a ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali. Kuma wuyan ba naka ba ne, malam. Amana aka ba ka. In jarumta kake son gwadawa ga naka wuyan nan, shiga filin.

Na san inda yaran suke samo wannan ƙyamar, wurin manya ne. Suna kallon 'yan NHL a talabijin wuya a sake, sai su ga abin wuya na ragwaye ne. Haka aka yi da hular kwano. A garin Bloomington ɗin nan Bill Masterton na Minnesota North Stars ya bugu da kai a kan ƙanƙara a 1968 ya rasu, amma sai 1979 aka wajabta hula a NHL, shi ma ga sababbin shiga kawai. Craig MacTavish da kai a buɗe ya yi ta wasa har ya ajiye a 1997. Clint Malarchuk, golan Buffalo Sabres, a 1989 aka yanke shi a wuya ana nunawa a talabijin, ya rayu ne saboda mai kula da lafiyar 'yan wasan tsohon ma'aikacin jinya ne na soja, ya ruga ya danne jijiyar da hannu. A filin unguwarmu da ƙarfe shida na safe wa zai danne? Ni da robar ruwan zafi, ko kocin da ya zo taimako daga wurin aikinsa?

Wallahi ba don in kunyata kowa na rubuta ba, shi ya sa ban kama suna ba. Duk lokacin da nawa ya faɗi aka taru a kansa, numfashina tsayawa yake sai na ga ya miƙe. Ya roƙe ni ya fi a ƙirga in bar shi ya cire, amsata ɗaya ce: babu abin wuya, babu mota. Ya yi fushi ya gaji. Ku ɗaura musu, ku duba da hannunku kafin su shiga, in sun fito hutu ku sake dubawa, don wasu a cikin riga suke turawa.

Abin ya tuna min 2009, lokacin da aka ce dole 'yan acaɓa su sa hular kwano, wasu a Kano suka kifa ƙwarya a ka suka fito titi. Mun yi dariya a lokacin, ashe Turawa ma suna da nasu masu ƙwaryar.

Af, tunda ana maganar kayan hoki, wa ya san abin da ke kashe warin jakar nan? Na wanke, na shanya, na turara har da turaren wutan da aka aiko min daga Maiduguri, garejina har yanzu kamar an jiƙa fata. Mai dabara ya ajiye min a ƙasa.